Gidan da Banki Ya Sa a Gwanjo: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Taya

Duk wanda ya saba buɗe jaridar Le Sahel ya san shafukan sanarwa da ke can ciki, waɗanda yawancin masu karatu ke tsallakewa. A nan lauyoyin bankuna ke buga labarin gidajen da za a yi gwanjonsu: unguwa, lambar fili da ta rukunin da yake ciki, faɗinsa, ranar zaman kotu, sai kuma kuɗin da za a fara tayi da shi. Wannan kuɗin shi ke ɗaukar hankali. Magidancin Yamai da ya daɗe yana biyan haya a Talaje ko Bukoki, in ya ga gidan siminti a Banifandu an sa masa farashin da bai kai na fili tsirara ba, dole zuciyarsa ta motsa.

Ba laifi ba ne ta motsa. Ana samun gida mai kyau ta wannan hanya, da takarda mai ƙarfi, a kuɗin da bai kai na kasuwa ba. Amma akwai magana guda da nake so mai saye ya riƙe tun daga farko, domin sauran shawarwarin duk daga gare ta suke fitowa. Banki ba gida yake sayarwa ba, bashinsa yake nema. Kuma doka ta faɗa a fili cewa wanda ya ci gwanjo ba ya samun wani haƙƙi a kan gidan da ya wuce wanda mai bashin yake da shi. In mallakarsa tsarkakakka ce, ka samu tsarkakakka. In da rigima a gindinta, da rigimar ka saya.

Dokar da ke tafiyar da wannan lamari ba ta Nijar kaɗai ba ce. Ta ƙungiyar OHADA ce, wadda aka kafa a Port Louis a 1993, take kuma haɗa ƙasashe 17 a kan dokokin kasuwanci iri ɗaya. Dokar karɓo bashi da ƙwace kadara an amince da ita a Libreville a 1998, aka sake mata fasali a Kinshasa a watan Oktoba na 2023, sabuwar ta fara aiki a Fabrairun 2024. Saboda haka ɗan Nijar da ke kasuwanci a Kwatano, Lome ko Abijan, tsarin da ya gani can shi ne a Yamai. Babbar kotun da ke yanke magana ta ƙarshe a kan waɗannan dokoki ma a Abijan take, abin da ke nuna maka nisan da shari'ar gida guda za ta iya yi in ta yi tsami.

Kafin gida ya kai ga gwanjo akwai matakai. Wisiye, wato jami'in da ke isar da takardun kotu yana zartar da hukuncinta, zai kai wa mai bashi takardar umarnin biya, a ba shi kwana 20. In bai biya ba, a rubuta umarnin a ofishin rajistar filaye, daga ranar gida ya shiga hannun shari'a. Sai lauyan banki ya rubuta kundin sharuɗɗan sayarwa ya ajiye a wurin magatakardar kotu. Ana yin wani zama na musamman don sauraron duk mai ƙorafi, sannan a buga sanarwa a jarida, a liƙa ta a ƙofar kotu da ta mai bashi, tsakanin kwana 30 da kwana 15 kafin ranar gwanjo. Ka ga ke nan lokacin da kake da shi na bincike gajere ne. Wanda ya ga sanarwa ya ce sai mako mai zuwa, ya riga ya makara.

Kundin sharuɗɗan nan shi ne abu na farko da za ka nema, kafin ma ka je ganin gidan. Ba sirri ba ne, an ajiye shi ne domin masu sha'awar saye su duba. A cikinsa za ka ga sunan mai bin bashi da wanda ake bi, cikakken bayanin gidan, sharuɗɗan biya, kuɗaɗen da aka kashe wajen shari'a, da jerin duk wani haƙƙi da aka rubuta a kan takardar gidan. Da Faransanci yake, Faransancin lauyoyi kuwa, wanda ko mai digiri yakan yi tuntuɓe a cikinsa. Ka ɗauki lauya naka na kanka ya karanta maka, ya fassara maka layi bayan layi. Lauyan banki mutumin kirki ne ko ba mutumin kirki ba ne, aikinsa kare banki. Doka ta yarda ka taya da bakinka ba tare da lauya ba, amma ni ban ga hikimar mutum ya tara miliyoyi a shekaru, sannan ya yi ƙyashin kuɗin wanda zai karanta masa takardar da za ta ɗaure shi ba.

Yanzu ga asirin farashin nan mai ban sha'awa. Doka ta ce kuɗin fara tayi kada ya gaza kashi 1 cikin 4 na darajar gidan a kasuwa. Gidan da ya kai miliyan 40 na sefa ana iya buɗe tayinsa da miliyan 10. Wannan ƙofar shiga ce kawai. In gidan mai kyau ne a unguwa mai kyau, za ka tarar da ƴan kasuwar gidaje waɗanda sana'arsu ke nan, sun san darajarsa fiye da kai, kuma kuɗinsu na hannu. In kuwa ka ga gida a wuri mai kyau an buɗe tayi kowa ya yi shiru, kada ka yi saurin cewa rabonka ne ya rantse. Ka tambayi kanka me suka sani wanda ba ka sani ba.

Mu zo kan takarda, domin a Yamai nan ne gizo ke saƙar. Gidaje da yawa ba su da komai sai takardar mallakar fili da ma'aikatar magajin gari ta bayar lokacin rabon filaye, wadda ake kira akt da sesiyon. Wasu ma a bakin gari takardar gargajiya kawai ke gare su. Takardar da ta fi kowace ƙarfi ita ce titir fonsiye, wadda ake rubutawa a ofishin rajistar filaye da ke ƙarƙashin hukumar haraji ta ƙasa, DGI. Tun 2006 aka shigo da sauƙaƙaƙƙiyar hanyar samunta da aka sa wa suna Sheda, don talaka ma ya iya yi wa gidansa rajista. Abin da ke yi wa mai sayen gidan banki daɗi shi ne, yawanci irin wannan gida yana da titir, domin a kanta ake rubuta jingina, kuma in babu ita doka ta wajabta wa mai bin bashi ya nemi a yi wa gidan rajista kafin a sayar. Wannan riba ce babba a garin da sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba baƙon labari ba ne.

Duk da haka kada ka tsaya ga kwafin da aka nuna maka. Ka sa lauyanka ko notar, wato jami'in da ke rubuta yarjejeniyar ciniki yana tabbatar da ita a hukumance, ya nemo sabon bayanin halin da titir ɗin ke ciki daga ofishin rajista: sunan wa ke kai, jingina nawa aka rubuta, akwai wanda ya shigar da ƙorafi ko babu. Sannan ka ɗauki mai awon fili ku je wurin. Lambar da ke takarda ita ce ta gidan da aka nuna maka? Katanga ta tsaya a kan iyaka, ko ta ci hanya, ko ta shiga filin maƙwabci? Akwai gidajen da aka haɗa fili biyu aka zagaye da katanga ɗaya, alhali guda kawai aka jinginar. Ka ci gwanjo kana murna, daga baya ka tarar rabin tsakar gidan da rijiyar ba naka ba ne. In gidan yana wajen da ya kusanci dajin nan da aka dasa ya kewaye gari tun shekarun 1960, ko kusa da filin jirgin sama, ko wani wurin da hukuma ta keɓe, ka ƙara sa ido, domin rigimar filaye a waɗannan wurare ta daɗe.

Akwai kuma batun gado, wanda ke yawan kawo doguwar shari'a a ƙasar Hausa da ta Zabarmawa baki ɗaya. Uba ya rasu ya bar gida, ba a raba ba, babban wa ya ɗauki takarda ya kai banki ya ci bashin kasuwanci. Doka ta ce ba a sayar da kason mutum a cikin dukiyar tarayya sai an raba ta. In ƙanne da gwaggwanni suka tashi daga baya suka ce ba da yawunsu aka yi ba, kai da ka saya kai za ka yi ta sintiri a kotu. Wannan ba a takarda kake fara jin sa ba, a bakin maƙwabta kake ji. Ka je unguwar, ka gaida mai unguwa, ka yi salla a masallacin layin, ka zauna wurin mai shayi. Tambayar ba ta da wuya: gidan nan na wane ne tun asali, shi ya gina ko gadonsa ya yi, su wa ke ciki yanzu.

Ganin gidan kansa wani aiki ne. Wanda ake shirin raba shi da muhallinsa ba lalle ya buɗe maka ƙofa da fara'a ba, kuma bai kamata ka ga laifinsa ba. Ka bi ta hannun lauyan da ya buga sanarwa ko wisiye a shirya maka ziyara, ka tafi da magini amintacce. In an hana ka shiga sam, to ka sani cinikin biri a sama kake shirin yi, sai ka rage tayinka daidai da haka ko ka haƙura. Dalili kuwa, abin da aka sayar da umarnin kotu ba shi da lamunin ɓoyayyen aibi. Ka tarar da daben sama yana yoyo, ko shadda ta rufta, ko ƙarfen ginshiƙi ya ci tsatsa, babu wanda za ka kama. Ka kuma tuna cewa mutumin da ya kasa biyan banki ya daɗe bai gyara komai ba, kuma tsakanin ranar da ka gani da ranar da za ka karɓi makulli ana iya cire ƙofofi, tagogi, famfo, har wayoyin wuta.

Ruwa ma abin dubawa ne, ba na famfo ba, na sama da na kogi. Wanda ya ga abin da ya faru a 2020, lokacin da kogin Kwara ya cika ya shiga Lamorde da sauran unguwannin Harobanda, da Saga a ɗaya gaɓar, ya san akwai gidajen da araharsu ke da dalili. Daminar 2024 ma ta yi ɓarna mai yawa a faɗin ƙasa. Gidan da ka gani a watan Maris, ƙasa a bushe ƙamas, ba shi ne gidan watan Agusta ba. Ka duba gindin bango: akwai zanen ruwa, akwai gishiri-gishiri, an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai? Gidajen da ke gangaren Gunti Yena da bakin kwazazzabai su ma a yi musu wannan tambaya.

Ranar gwanjo, a Yamai galibi a zauren babbar kotun gari ake yi, ko a ofishin notar in haka aka shirya. Dokar 1998 ta tanadi wata tsohuwar al'ada ta kunna kyandir, kowane yana cin kamar minti 1. In ka taya, tayinka ba ya tabbata sai kyandir 2 sun mutu babu wanda ya ɗara ka. Mintoci kaɗan ke nan, kuma a cikinsu ne mutum mai hankali ke mance lissafinsa saboda wani ya ƙara jika ɗari biyar yana kallonsa. Ka rubuta iyakarka a takarda tun daga gida, ka ba lauyanka, ka ce masa ko ka yi masa alama kada ya wuce. Iyakar nan kuma ba dukan kuɗinka ba ce. Bayan farashi akwai kuɗin shari'ar da aka kashe, kuɗin rajista na hukumar haraji, kuɗin sauya suna a titir, ladan lauya, gyara, da abin da fitar da mazauna zai ci. Sau da yawa kundin sharuɗɗa yakan nemi a ajiye wani kuɗi kafin a ba mutum damar tayi. A lissafa duka kafin a shiga zaure.

To ka ci. Kada ka yanka rago tukuna. Cikin kwana 10 bayan gwanjo, kowa yana da damar ya zo ya ƙara aƙalla kashi 1 cikin 10 a kan farashinka, a sake buɗe tayi. Ka ci a miliyan 20, wani ya kawo 22, an koma zaure. Cikin kwana 15 kuma ana iya shigar da ƙarar neman soke gwanjon gaba ɗaya. A waɗannan kwanaki ba a rushe katanga, ba a sayen siminti, ba a sallamar mai gidan haya.

Amma kuɗi, shi ba ya jira. Kwana 20 gare ka ka nuna ka biya farashi da sauran kuɗaɗe. In ka kasa, za a sake sayar da gidan a kan wuyanka: ka taya miliyan 25, aka sake gwanjo ya tsaya a 19, miliyan 6 ɗin da suka rage kai za a bi. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama mutanen kirki, masu cewa in na ci zan sayar da filina na Maraɗi, ko ɗan'uwana da ke Makka zai turo. Mun ga yadda fitar da kuɗi daga banki ya yi wuya bayan takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har mai kuɗi a asusu ya riƙa bin layi don ya samu kaɗan. Kafin ka taya, ka zauna da bankinka ka tabbatar kuɗin za su iya fita a ranar da ake bukata, ta hanyar da kundin ya amince da ita. Da gwanjon ya tabbata, wata 2 gare ka ka kai hukuncin gwanjon ofishin rajistar filaye a rubuta. Sakaci da wannan ma yana iya jawo a sake sayar da gidan.

Akwai hanya ta biyu da ta fi wannan kwanciyar hankali, kuma ita na fi ba mai neman gidan zama shawara ya bi. In aka kunna kyandir 3 babu wanda ya taya, gida yakan faɗa hannun bankin da kansa a kan kuɗin farawa. Wani lokaci kuma mai bashi ne ke miƙa gidan da yardarsa a madadin biya. Dokar jingina da aka sabunta a Lome a 2010 ta ma ba banki damar ya roƙi kotu ta mallaka masa kadarar kai tsaye, sai dai in ita ce gidan da mai jinginar yake zaune a ciki da iyalinsa. Ta waɗannan hanyoyi bankuna kan tara gidaje da filaye, alhali ƙa'idojin babban bankin BCEAO sun taƙaita yawan kadarorin da banki zai riƙe waɗanda ba na aikinsa ba. Ma'ana, yana son ya rabu da su. A nan ciniki ne irin wanda ka sani: ka gani da idonka, ka taya, a ce albarka, ka ƙara, a sallama, a je gaban notar. Ka tafi sashen shari'a ko na karɓo bashi na bankin da ƙafarka, ka tambayi abin da ke hannunsu. Ka nemi ganin titir da sunan bankin a kai, ka tambayi ta wace hanya gidan ya zo musu, akwai sauran shari'a ko babu, kuma a rubuta cikin yarjejeniya cewa fanko za a miƙa maka shi. Dillalin da ya ce yana da mutum a ciki, a ba shi kafin alƙalami ya riƙe maka gida, ka yi masa godiya ka wuce. Kuɗin gidan banki a asusun banki ko na notar ake zuba shi, da rasit.

Haka nan in mai bashin ne da kansa ya zo maka, ya ce ka saya kafin a kai shi kotu. Wannan sau da yawa ya fi masa alheri, domin zai samu farashin da ya fi na gwanjo, ya kuma tsira da mutuncinsa. Sai dai kada ka damƙa masa kuɗi a hannu bisa alkawarin zai je ya biya. Ku zauna ku uku da banki a gaban notar, a biya bashin daga cikin kuɗinka, banki ya ba da takardar sakin jingina, ragowar ta tafi ga mai gida. In kuma an riga an rubuta umarnin ƙwacewa a ofishin rajista, ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai.

Na bar batun mutanen da ke cikin gidan zuwa nan ne saboda shi ya fi nauyi. In ƴan haya ne, ka nemi ganin yarjejeniyarsu da abin da suka biya gaba. Masu shaguna a jikin katanga suna da kariya ta musamman: dokar kasuwanci ta OHADA ta ce hayar wurin sana'a ba ta mutuwa don an sauya mai gida, sabon mai gida ne ke ci gaba da ita. In kuwa mai gidan ne da iyalinsa, to kana gaban mutumin da watakila kayansa suka maƙale a tashar Kwatano lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin nan, ko ciwo ya cinye jarinsa. Ba kowane mai bashi ne mayaudari ba. Doka za ta ba ka hanyar fitar da shi ta hannun wisiye, kuma ita kaɗai ce hanyar: kada ka fasa kwaɗo, kada ka yanke wuta ko ruwa, kada ka turo matasa. Amma kafin a kai ga wisiye, ka aika dattawa. Ka ba shi wa'adin da zai nemi wurin komawa, ko da zuwa ƙarshen damina ko ƙarshen shekarar karatun yara, a rubuta a sa hannu gaban shaidu. In da hali ka taimaka da kuɗin motar kwasar kaya. A unguwar nan za ka zauna, maƙwabtansa su ne za su zama naka, kuma za su tuna yadda ka shigo.

Wasu na jin nauyin sayen irin wannan gida ta fuskar addini, ganin cewa bashin da ya jawo sayarwar akwai kuɗin ruwa a cikinsa. Malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa alƙali na iya sayar da dukiyar wanda bashi ya yi wa katutu domin a biya masu binsa, amma yadda wannan zai hau kan bashin banki na yau tambaya ce da ya kamata ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa, kafin ranar gwanjo, ba bayan ka biya ba.

Ranar da makulli ya shigo hannunka, ka sa wisiye ya rubuta halin da ya tarar da gidan, ɗaki bayan ɗaki, da lambar da ke kan mitar wuta da ta ruwa. Ka je kamfanin wuta na NIGELEC da kamfanin ruwa ka tambayi bashin da ke kan mitocin, ka nemi a buɗe sabon asusu da sunanka. Ka duba harajin gida a DGI, ka san na wace shekara aka tsaya da kuma wanda kundin sharuɗɗa ya ɗora wa biyansa. Sannan ka bi maganar sauya suna a titir har ka ga sunanka a rubuce, an kuma goge tsohuwar jinginar, ka karɓi kwafinka ka adana.